Daga Kano Zuwa Jidda a Jirgin Sama

Ya kai mai karatu, in Allah ya nufe ka da zuwa Makka, kyautuwa ya yi ka san nisan tafiyarka tun ba ka bar gida ba. Ga yadda ake lissafinta.

Daga Haɗeja zuwa Kano wajen mil 120 ne. Daga Kano zuwa Jidda kuwa, watau garin da ke bakin Bahar Maliya inda alhazai kan sauka, wajen mil 2,100 ne in an miƙe sosai. Ka ga ke nan kamar ka yi tafiyar Kano sau 17 ne, har da ɗoriya.

Mutanen da a ƙasa suke yin wannan tafiya. Su bi ta Barno, su ratsa Wadai da Darfur, su kai Hartum, sa'an nan su shiga jirgin ruwa a Sawakin. Ƙaƙƙarfan mutum yakan ci mil 20 a yini. Ko da bai huta ba, sai ya kwana 105. Amma da yake sukan tsaya su yi noma don neman guzuri, waɗansu sai su shekara biyar, waɗansu ma ba su komo ba har abada.

A shekarar 1925 jiragen sama suka fara sauka Kano, guda uku, na sojan Ingila, daga Masar. Jirgin alhazai na zamanin nan yana cin wajen mil 500 a sa'a guda. To, raba 2,100 da 500, ka sami sa'a huɗu da 'yan mintoci. Ƙara lokacin tashi da na sauka, sai ta tasam ma sa'a biyar. In hanya ta toshe, tafiya ta ƙaru. Haka ya faru a 2023, da yaƙi ya tashi a Sudan aka rufe samanta, dole jirage suka riƙa kewayawa.

Saura abu guda, shi ya fi ruɗa mutane. Rana tana fito wa mutanen gabas kafin ta fito mana, don haka agogon Jidda ya riga namu da sa'a biyu. Sa'ad da masunci a fadamar Haɗeja ke sallar asuba, a Jidda hantsi ya yi. Misali, ka tashi Kano da ƙarfe 10 na safe. Bayan sa'a biyar agogonka zai ce ƙarfe 3, alhali kuwa a can ƙarfe 5 ne, rana ta yi sanyi. Wanda ya dogara ga agogonsa yana iya zama yana jira har la'asar ta kuɓuce masa. Saboda haka da saukarka ka tura agogonka gaba da sa'a biyu. Ran komowa kuma ka mayar da shi baya.

Yanzu gwada wannan da kanka. Jirgi ya bar Jidda da ƙarfe 12 na rana, ya yi sa'a biyar a sama. Ƙarfe nawa 'yan'uwanka za su tarye ka a Kano? In ka sami ƙarfe 3, ka fahimta. Sai ka koya wa maƙwabcinka. Allah ya kai mu lafiya, amin.