Amsar Tambaya: Ta Ina Zan Fara Harkar Filaye?

Tambaya: Jarina kaɗan ne, amma ina sha'awar harkar filaye a Kano. Ta ina zan fara?

Amsa: Ɗana, fara da dillanci a hannun wanda ya daɗe a harkar, ka san farashin unguwanni, ka tara la'ada. In kuɗi sun taru, sayi fuloti ɗaya a gefen gari, inda titi da wuta ke tafe. Kafin ka biya ko sisi, a bincika lambar filin a KANGIS, hukumar da ke kula da bayanan filaye a Kano, ka ga mai unguwa da maƙwabta, domin filin gadon da ba a raba ba rigima ce. Dokar filaye ta 1978 ta wajabta amincewar gwamna kafin a sauya sunan mai shaidar mallaka, saboda haka nemi lauya. Ribar farko kuwa, in ka sayar da filin, kada ka taɓa ta. Zuba ta a fuloti na biyu.