Inshorar Lafiya Da Takardar Haraji: Darasi Ga Mai Ciki Da Maigidanta

Iyaye mata da magidanta, darasinmu na wannan fitowa ba na cima ko rigakafi ba ne. Magana ce ta takardu, amma ta shafi haihuwa da aljihun maigida.

Tun 2005 aka ƙaddamar da shirin inshorar lafiya na ƙasa. A watan Mayun 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar da ta kafa hukumar NHIA, wadda ta wajabta inshorar ga kowa. Jihar Katsina ma tana da hukumarta ta taimakekeniyar lafiya, KTSCHMA.

Abin da magidanta da yawa ba su sani ba shi ne, kuɗin da mutum ya zuba wa inshorar lafiya ta ƙasa ba a ɗora masa haraji. Sai an cire shi daga abin da ya samu a shekara, sannan a lissafa harajin. Tsohuwar doka ta tanadi haka, dokar haraji ta 2025 da ta fara aiki a Janairun 2026 ma ta bar shi. A sabuwar dokar, naira 800,000 na farko a shekara ba su da haraji, miliyan 2.2 da ke biye kuma ana karɓar kashi 15 cikin ɗari.

Ga misali. Wanda ya samu naira 1,500,000 a shekara, in ba a cire masa komai ba, harajinsa 105,000 ne. Idan ya zuba 30,000 na inshora aka cire masa, harajin ya koma 100,500. Ragin 4,500 bai kai kuɗin ragon suna ba, amma zai kai uwargida awo Kankia ya dawo da ita.

Sai dai ragin ba ya zuwa da kansa. Ana nemansa ne a rubuce, kuma hukuma tana iya cewa a kawo shaida. Harajin mutum na jihar da yake zaune ne, don haka mazaunin Bauranya ko Kusada, Hukumar Tara Kuɗin Shiga ta Jihar Katsina zai nufa. Wurin aiki yana miƙa bayanin albashin ma'aikata kafin ƙarshen Janairu, shi kuma mutum yana cike takardarsa kafin ƙarshen Maris. Maigida, ka ajiye takardar albashi ta kowane wata da rasiɗin inshora. In ta jiha ake yanka maka, ka kai wa akanta takardar ya nuna maka yadda aka lissafa.

Ni a wurina, babban amfanin wannan duba takardu shi ne a gano sunan wa ke cikin rajista. Tsarin ma'aikata na ƙasa yana ɗaukar ma'aikaci da mata ɗaya da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18. A gidan da ke da mata biyu ko uku, sau da yawa sunan uwargida ne a kati, alhali amarya ce ke da cikin. Ba a gane haka sai an zo ɗakin haihuwa tsakar dare, jini na zuba, ana maganar tiyata. Ana iya ƙara suna da ƙarin kuɗi, amma rajista ba ta fara aiki ranar da aka yi ta. A yi ta tun awon farko. A kuma riƙe ɗan canji, domin mai kati yana biyan kashi 10 cikin ɗari na kuɗin magani.

Manomi ko mai ƙaramar sana'a da samunsa bai wuce 800,000 ba, ragin bai shafe shi ba tunda ba a binsa harajin. Matarsa ta je asibitin matakin farko na mazaɓarsu ta tambayi rajistar asusun kula da lafiya da dokar lafiya ta 2014 ta kafa, wanda ke fifita masu ciki da yara 'yan ƙasa da shekara 5.

Bayan an sauka lafiya, a karɓo wa jariri takardar haihuwa daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, da ita za a shigar da sunansa.