Kiɗan Buluz da Kunnen Ɗan Jabo

Duk ɗalibin da ya tashi a Jabo ko Tambuwal ko Kebbe yana jin goge da gurmi, a gidan biki ko a rediyo, to ya riga ya ci rabin jarrabawar wannan darasi. Matsalar ita ce da yawanmu mun ɗauki goge kiɗan ƙauye, mun ɗauki buluz kiɗan Turawa, sai muka yi biyu babu.

Buluz kiɗan baƙaƙen fatar kudancin Amurka ne, jikokin bayi, musamman manoman auduga na yankin Misisipi. Ya bayyana ne wajen ƙarshen ƙarni na 19, kuma faifan Mamie Smith na 1920 ne ya buɗe masa kasuwa. Waƙa ce ta talauci da bashi da rabuwa da masoyi. Tsarinta ba wuya: mawaƙi ya faɗi layi, ya maimaita shi, sannan ya kawo na uku ya warware zancen, yawanci cikin awon kiɗa 12.

Ga inda abin ya shafe mu. Ka kasa kunne ga B.B. King, za ka ji in ya yi layi sai ya yi shiru, jitarsa mai suna Lucille ta amsa masa. Wato jitar ce 'yar amshi, kamar yadda kukumar Garba Supa ke karɓar muryarsa. Na biyu, makaɗin buluz ba ya barin sauti a miƙe. Yakan tura tsirkiya da yatsa har sautin ya lanƙwashe kamar kuka. Mai goge, da ba shi da matakala a jikin sandar gogensa, haka yake ja tun kaka da kakanni. Na uku, yawan kiɗan biyu a kan sautuka biyar suke tafiya, ba bakwai ba.

Wannan kamanni ba a banza yake ba. A 1740, bayan tawayen bayi na Stono, an kafa dokar hana bayi buga ganga a Karolina ta Kudu. Kayan tsirkiya kuwa aka ƙyale su. Banjo, wanda bayi suka ƙera a can, dangin molo ne da garaya. Wani masani ɗan Ostiriya, Gerhard Kubik, a littafinsa na 1999, ya nuna cewa salon rera buluz ya fi kusa da na yankinmu na Sudan ta Yamma da ta Tsakiya, har da gogen Hausawa, fiye da kiɗan gangunan bakin teku. Sai dai a yi hattara da ɗoki. Wannan bai nuna cewa daga Sakkwato aka ɗauki buluz aka kai Misisipi ba. A can aka haife shi, cikin wahalar da su suka sha.

In za ka fara, ni ban ba ka shawarar Robert Johnson ba, duk da sunansa. Waƙoƙi 29 ya ɗauka a 1936 da 1937, ya rasu yana ɗan shekara 27, amma ɗaukar ta tsufa, sai kunne ya saba. Fara da John Lee Hooker, gwanina ke nan. Yakan kama sauti ɗaya ya yi ta juya shi yana buga ƙafa, sai ka rantse Ɗan Maraya Jos ne da kuntiginsa. Ali Farka Touré na Mali ma da ya fara jin sa, kiɗan gida ya ji a ciki. Daga nan ka wuce faifan Ali ɗin, Talking Timbuktu na 1994, wanda ya ci kyautar Grammy.

Sai Nijar. Akwai Bombino na Agadas, akwai Mdou Moctar daga jihar Tawa, nan arewa da Ƙonni. Turawa na kiran kiɗansu buluz na hamada. Mdou, da yanzu ake cika fili don jin sa a Amurka da Turai, a birnin Sakkwato ya ɗauki faifansa na farko, Anar, a 2008, da irin gyaran muryar waƙoƙin finafinan Hausa, kuma daga waya zuwa waya waƙoƙin suka yaɗu a Sahara.