DARASIN LAFIYA: Yadda Sojan Garkuwar Jiki Ke Kiran Agaji



'Yan uwa, yau za mu leƙa cikin jini mu ga hikimar Allah a kan wasu fararen ƙwayoyi da ake kira *ƙwayoyin T*. A ɓargo ake haifarsu, sannan su je wata kaluluwa mai suna taimos, da ke bayan ƙashin ƙirji, su koyi bambance na gida da baƙo.

Kowace ƙwayar T tana da mai gadi a jikin fatarta, wanda ke gane ɓurɓushin ƙwayar cuta idan wata ƙwayar jiki ta nuna masa. Amma fa shi mai gadin ba ya riƙe da makami. Gani ne nasa, sai ya kira masu aiki, wato sinadaran da ake kira enzayim. Ga yadda abin ke tafiya:

*1.* Mai gadin yana da jeloli a cikin ƙwayar, ɗauke da gurabe 10 da ake kira ITAM.

*2.* Enzayim na farko, Lck, yana manne da CD4 ko CD8. Da an gane baƙo, sai ya matso ya buga wa guraben hatimi da sinadarin fosfet.

*3.* Enzayim na biyu, ZAP-70, yana da hannu biyu, kuma ba ya kama gurbi da kyau sai ya tarar da hatimi biyu. Idan ya kama, Lck ya zaburar da shi.

*4.* ZAP-70 sai ya buga wa wani furotin mai suna LAT hatimi, shi kuma ya tara sauran ma'aikata. Kalsiyam ya hauhawa a cikin ƙwayar, ta fara rarrabuwa, ɗaya ta zama runduna.

Subhanallah! Wannan bin mataki-mataki yana cikin abin da ke hana sojan afka wa jikin mai shi bisa kuskure.

*To, ina ruwan magidanci da wannan?*

A shekarar 1994 likitoci suka bayyana yaran da aka haifa babu ZAP-70 mai aiki. Mai gadi yana gani, amma kira ba ya isa. Ciwon ba shi da yawa, kuma gado ne: sai yaro ya ɗauko daga uwa da uba duka, shi ya sa ya fi fitowa a auren zumunci. Ba laifin uwa ba ne, ba kuma maita ko sammu ba.

Iyaye, ku lura da jaririn da:
• ke yawan ciwon haƙarƙari, ya warke ya dawo
• farin baki ya ƙi tafiya duk da magani
• gudawa ta ƙi tsayawa, kuma ba ya ƙara nauyi
• aka taɓa rasa yayyensa da irin wannan

Zuma da habbatus sauda abubuwa ne masu albarka, amma ba sa samar da enzayim ɗin da ba a haifi yaro da shi ba. Kuma kar a ba jaririn da bai kai shekara 1 ba zuma. A kai shi babban asibiti, a gaya wa likita tarihin gidan duka, a nemi gwajin jini. Maganinsa dashen ɓargo ne, kuma ya fi nasara idan an gano da wuri.

Neman magani sunna ce. Ku tura wa 'yan uwa masu jarirai. Allah Ya raya mana zuri'a cikin lafiya, amin.