Shawarwari Ga Iyalin Da Ke Son Kwana A Gandun Namun Daji

Duk mai leƙa waya ya taɓa cin karo da hotunan nan: gida guda a tsakiyar yashi, da ɗan wurin wankansa shi kaɗai, ga barewa tana kiwo a bakin ƙofa. Wasu daga cikinsu na Al Maha ne, masaukin da aka buɗe a 1999 a hamadar Dubai, cikin gandu mai faɗin murabba'in kilomita 225. Kuɗin dare ɗaya a can zai sayi bijimi a kasuwar Wudil, kuma ba sa karɓar yaron da bai kai shekara 10 ba. Ka ga magidancin Gaya ko Ajingi mai ƙananan 'ya'ya, ko da kuɗinsa a hannu, an riga an sallame shi. To amma kwana a daji kusa da giwa ba sai an hau jirgi ba. Akwai inda mota za ta kai iyali cikin yini guda, in an yi shiri.

1. A zaɓi wurin da za a je a dawo lafiya. Gandun hamada na gaskiya yana Nijar: Termit da Tin Tumma da aka keɓe a 2012, da Gadabeji ta jihar Maraɗi inda aka mayar da raƙuman dawa a 2018. Sai dai sha'anin tsaro a can ya sa ba tafiyar mata da yara ba ce. Falgore tamu ta Kano ma ta daɗe tana fama da ɓarayin shanu, har sojoji suka mai da ita wurin atisaye a 2017. Zaɓina ga iyali shi ne Yankari, a ƙaramar hukumar Alkaleri ta jihar Bauchi. An keɓe ta a 1956, aka buɗe wa jama'a a 1962, faɗinta murabba'in kilomita 2,244 ne, kuma a tsakiyarta akwai sansanin Wikki mai ɗakuna iri-iri, daga na manyan baƙi zuwa na ɗalibai. Ita ma a tambayi halin da hanyarta ke ciki a makon tafiyar, ba a watan da ya wuce ba.

2. A tafi da rani. Da damina ciyawa ta rufe daji, ruwa yana ko'ina, dabbobi sun warwatse, sai a yi ta yawo ba a ga komai ba sai ganye. Daga ƙarshen Disamba zuwa Afirilu kuwa ƙishirwa ke tattaro su bakin kogin Gaji, kuma gwargwadon yadda rani ya yi nisa, gwargwadon yadda ake ganinsu. Wannan ya yi wa manomi daidai: an kai gero da dawa rumbu, an sayar da gyaɗa da wake, ga hutun makaranta. A dai duba inda azumi ya faɗo a shekarar.

3. A tara kuɗin tun da kaka, ko ta adashe, kuma a lissafa da kyau. Ba kuɗin ɗaki ne kaɗai ba: akwai na shiga, da na motar zagaye, da na jagora, da abinci, da mai zuwa da dawowa. Gida biyu na wa da ƙani su haɗa mota ɗaya su kama ɗakuna maƙwabta, mata da yara a ɗaya, ya fi sauƙi da sakewa. Kafin a biya a yi waya a yi tambaya dalla-dalla: awa nawa ake ba da wuta, akwai ruwa a banɗaki, na'urar sanyaya ɗaki tana aiki? Hoton da ke intanet ba ya tsufa, ɗaki kuwa yana tsufa. In an isa, maigida ya shiga ya duba da idonsa kafin a sauke kaya. A riƙe tsabar kuɗi, domin sabis ɗin waya a daji ba abin dogaro ba ne, taransifa na iya maƙalewa ana tsaye.

4. A yi sammako. Daga Gaya ana bi ta Birnin Kudu, a karya a Babaldu zuwa Ningi, sannan Bauchi. Daga Bauchi a ɗauki hanyar Gombe zuwa Dindima, a juya zuwa ƙofar Mainamaji, kuma daga ƙofar akwai sauran kimanin kilomita 40 cikin daji kafin Wikki. A cika tanki a Bauchi, a duba safaya da jak tun a gida. A fita bayan asuba don a shiga da rana tsaka. Tafiyar dare a wannan hanya ba ta da wani amfani. Wanda ya ga yara sun gaji ya kwana a Bauchi. A tsakanin Ningi da Bauchi, wajen Kafin Madaki, akwai gandun Sumu inda aka ajiye raƙuman dawa da jakunan dawa da ƙasar Namibiya ta bayar a 2006, kuma tsayawa a nan ba asara ba ce. Tafiyar ta wuce nisan sallar ƙasaru nesa ba kusa ba, sai a tambayi malamin unguwa hukuncin kafin a tashi.

5. A yi hattara da gwaggon biri. Wannan ita ce shawarar da aka fi raina wa, kuma ita ce aka fi yin da-na-sani a kanta. Biran Wikki sun saba da mutane, ba sa gudu. Za ka ga ƙato ya zauna a gindin bishiya yana sosa ciki kamar ba ruwansa, alhali idonsa na kan ledar da ke hannun yarinya. Da ta juya baya, ya zabura, ya fizge, ya haye rufin ɗaki ya zauna yana ɓare burodin a gabanku. Sun fi raina mata da yara, sun san ƙarar leda, sun iya tura ƙofa da leƙa tagar mota. Saboda haka dambun nama, ƙuli-ƙuli, soyayyiyar gyaɗa da duk guzurin da uwargida ta haɗo, a zuba su a jaka mai zif, a ci a cikin ɗaki. Ƙofa a murɗa mata makulli, turawa kawai ba ta isa ba. Gilashin mota a ɗage shi ko da minti biyu za a yi. In ya ƙwace abu a bar masa, kada yaro ya bi shi ko ya jefe shi, domin haƙoransa ba na wasa ba ne. Kuma kada a ba su abinci don a ɗauki hoto. Masu yin haka ne suka lalata su.

6. A duba launin tufafi. Ƙudan tsando yana bin baƙi da shuɗi mai duhu, cizonsa kuma yana ratsa yadi mara kauri. Hajiya ta ajiye baƙin hijabi da baƙar abaya don wata rana, ta sa ruwan ƙasa ko ruwan toka. Yara a sa musu dogon hannu da dogon wando. Da hunturu a taho da rigar sanyi, don buɗaɗɗiyar motar zagaye da sassafe sanyinta har ƙashi.

7. Zagaye da jagora ake yi, da sassafe ko bayan la'asar, lokacin da dabbobi ke fitowa shan ruwa. Ba a sauka daga mota sai ya ce a sauka, ba a ihu, waya kuma a kashe mata ƙara. A gaya wa yara gaskiya tun a gida cewa daji ba gidan zu na Kano ba ne, babu keji, babu alkawari. Gwambaza, mazo, gadu, kanki da bauna ana sa ran ganinsu. Giwa sai an yi sa'a, duk da cewa garken Yankari na cikin mafi girma da suka rage a Najeriya. Zaki kuwa 'yan kaɗan ne suka saura, wanda ya gan shi ya yi ta ba da labari. Zagaye biyu, ɗaya da yamma ɗaya da safe, ya fi ɗaya mai tsawo.

8. Ruwan Wikki shi ne abin da yara za su fi tunawa. Yana ɓulɓulowa daga ƙarƙashin dutse, garai-garai har ana ganin yashin ƙasa, ɗuminsa digiri 31 dare da rana, rani da damina. Maza da mata na shiga tare, musamman a ƙarshen mako da lokutan biki, don haka iyalin da ke son sutura su zo a tsakiyar mako, su sauka da sassafe kafin jama'a. Wajen mafarin ruwan yana shanye babban mutum. Yaron da ya iya iyo a kududdufin bayan gari ma kada a ɗauke ido daga kansa.

9. Kayan farauta su zauna a gida. Mutanen gabashin Kano ba a koya musu farautar rani, amma a gandu laifi ce da ke kai mutum gaban alƙali. Ba bindiga, ba kare, kuma a laluba aljihun samari a cire danƙon harbin tsuntsu. Kada a sayi naman daji ko fata a ƙauyukan gefen gandu.

10. A ɗauki gidan sauro, fitila mai haske da magungunan da wani a gidan ke sha kullum, don kemis ya yi nisa. Da dare ba a fita da silifa, yankin yana da kububuwa.

11. Wanda aljihunsa bai kai Yankari ba bana, ya kai yara Baturiya a ƙasar Haɗeja da hunturu, lokacin da tsuntsayen Turai ke sauka a fadamar, a kwana a Haɗeja a dawo washegari. Ko ina aka nufa, a bar amintacce da zai kula da awaki da rumbu. Kai kuma maigida, kada ka kwashi abokan majalisa ka dawo kana nuna wa iyali hoto a waya. Ka sa uwargida da 'yan mata a lissafin kujerun motar tun farko.