Dabbobin gida a lokacin hutu

Tagris gari ne cikin ƙasar Dakoro, a jahar Maraɗi. Manoma da makiyaya ke zaune a can: Hausawa da Buzaye da Fulani. Da wuya a shiga gidan da ba dabba. Wani yaro yana da kare, wani ɗan akuya, wani tattabaru cikin tsohuwar tukunya. Wata yarinya kuwa kyanwa gare ta.

Lokacin karatu, yaro yakan ba dabbarsa ci da sha kafin ya tafi lakwal. Amma in babban hutu ya zo, daga Yuli zuwa Satumba, sai al'amura su sake. Damina ce. Wasu yara su wuni gona, wasu su tafi ganin dangi Dakoro ko Maraɗi, wasu kuma wasa ya ɗauke musu hankali. Lakwal ta yi hutu, amma cikin dabba bai san hutu ba.

Ruwa da inuwa

Kare ba ya zufa kamar mutum. In zafi ya dame shi, sai ya fid da harshe yana haki. Ta haka yake sanyaya jikinsa. A watan Afrilu da na Mayu zafi yakan wuce digiri 40, da damina ma rana tana da ƙarfi. Don haka a aje wa kare da kyanwa ruwa cikin kasko, a inuwa. A wanke kaskon kullum. Tattabaru ma sai da ruwa mai tsabta, balle in suna da ƴaƴa.

Turke

Da damina ana ɗaure awaki da tumaki don kada su yi ɓarna a gonaki. Dabbar da ke turke ba ta iya neman komai da kanta. Sai an kawo mata ciyawa da dussa da ruwa. Inuwa kuma tafiya take yi: wurin da ke da inuwa da safe, da azahar rana ce. Yaro mai hankali yakan sake wa ɗan akuyarsa wuri. Yakan duba igiya kada ta shaƙe shi ko ta ci masa ƙafa. Yakan tsince leda, don in akuya ta haɗiye ta, sai ta toshe mata ciki, ta rame, har ta mutu.

Wasa

Wata rana wani yaro ya ɗaura wa kyanwar gidansu gwangwani a wutsiya. Kyanwa ta zabura, gwangwani na ƙara, yara na dariya. Kakansa na zaune bisa tabarma, sai ya kira shi.

– Zo nan, ɗan nan. Wa ke dariya, kai ko kyanwa?

– Ni ne, Kaka.

– To, wasan da mutum ɗaya ke dariya, ɗaya na gudu, ba wasa ba ne. Wa ke tsare mana rumbu daga ɓeraye?

– Ita ce, Kaka.

Yaro ya sunkuyar da kai. Ya lallaɓa ya kwance gwangwanin. Kwana biyu kyanwa ba ta yarda ta kusance shi ba.

Ana iya wasa da dabba ba tare da cuta ba. A jefa wa kare sanda ya ɗauko. A ja wa kyanwa zare ta bi. Amma ba a jan wutsiya, ba a jifa, ba a harbi da danƙo. Kuma ba a taɓa kare yana cin abinci, ko yana barci, ko karya tana shayarwa.

Guba

Da damina ana sayen maganin ƙwari na gona, ana kuma sa maganin ɓera. Duka guba ne. Kada a zuba wa dabba ruwa cikin kwanon da ya taɓa magani. Ɓeran da ya ci guba, a binne shi da nisa, kada kyanwa ta ci.

Haukan kare

Wannan ciwo ne mai kisa. Yana cikin yawun dabbar da ta kamu, yana shiga jikin mutum ta cizo ko yakushi. In alamunsa suka bayyana, ba magani. Amma akwai allura. Wani masani na ƙasar Faransa, Louis Pasteur, shi ya fara yi wa mutum ita a shekarar 1885. Kowace ranar 28 ga Satumba duniya tana tunawa da yaƙi da wannan ciwo.

In kare ya ciji yaro, kada ya ɓoye don tsoron faɗa. A wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15, a kai shi likita a ranar. Shi kuma kare, likitan dabbobi yana yi masa allurar rigakafi. Rigakafi ya fi magani.

Kafin tafiya

Yaron da zai tafi hutu, ya nemi wanda zai bar wa dabbarsa: wa, ko ƙanwa, ko maƙwabci. Ya nuna masa abincinta da kaskonta. Dabba amana ce, ba ta da bakin kai ƙara.

Tambayoyi

1. Don me kare ke haki?
2. Me ya sa ake sake wa akuya turke?
3. Mene ne abu na farko da za a yi in kare ya ciji mutum?

Aiki

Zana dabbar gidanku. Rubuta abubuwa uku da take bukata kullum.