Neman Gurbin Jami'a: Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya

A aikina na malamin ba da shawara a wata makarantar sakandare a nan Illela, lokacin da ya fi yi mini nauyi a shekara shi ne bayan jami'o'i sun fara sakin sunaye. A lokacin ne iyaye ke sallama da takardar sakamako a hannu, tambayarsu kusan ɗaya: "Malam, yaron nan ya ci JAMB, mi ya hana su ba shi?" Idan na karɓi takardun na duba, da wuya in tarar yaron rago ne. Ko dai sunansa ya saɓa tsakanin takarda da takarda, ko darussan da ya zauna ba su dace da kwas ɗin da ya nema ba, ko ba a ɗora sakamakonsa na WAEC ba, ko kuma gurbin ya fito bai sani ba har wa'adi ya wuce. Duk cikinsu babu wanda ya fi ƙarfinmu, in an fara da wuri.

Mu soma da wannan magana ta "ya ci JAMB". Jarrabawar maki 400 ce, darussa huɗu, kowanne 100. Kowace shekara ana taro a tsayar da mafi ƙarancin makin da jami'a za ta iya ɗaukar ɗalibi da shi. A 2025 an tsayar da 150. Wannan maki izinin shiga kara ne kawai, bai kai kuɗin sa ba. A shekarar ta 2025 kusan mutum miliyan 1.9 suka zauna jarrabawar, sama da miliyan 1.5 ba su kai 200 ba. Saboda haka yaron da ya kawo 220 ya yi ƙoƙari, ya kuma cancanci a sa masa albarka. Amma idan likitanci ya nema a Jami'ar Usmanu Danfodiyo ko Ahmadu Bello ta Zariya ko Bayero ta Kano, to da 'yan tsirarun da ke saman ƙasar nan yake takara, a kan gurabun da aka ƙidaya. Hukumar kula da likitoci ta ƙasa, MDCN, ita ke ƙayyade wa kowace makarantar likitanci adadin da za ta ɗauka, gwargwadon malamanta da ɗakunan gwajinta da asibitin koyarwarta. Shugaban jami'a da kansa ba shi da ikon ƙara kujera ɗaya a kan wannan adadi. Fannin shari'a ma yana da irin wannan ƙa'ida.

Akwai abin da ya kamata kowane uba a jihar nan ya sani. Jami'o'in tarayya suna raba gurabunsu kashi uku: kashi 45 cikin ɗari na waɗanda suka fi maki ne ko daga ina suke, kashi 35 na 'yan jihohin da ke yankin jami'ar, kashi 20 na jihohin da aka lissafa a matsayin waɗanda aka bari a baya a ilimin boko, kuma Sakkwato na cikinsu. Wato ɗan Illela ko Gada ko Gwadabawa da ya nemi Danfodiyo ƙofa uku gare shi, inda wani daga nesa ke da ɗaya. Wannan gata ne babba. Sai dai a kowace ƙofa akwai layi, kuma layin da maki ake jera shi. Sannan ba a shiga ta biyu da ta uku sai da takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma, wadda ya kamata a karɓa tun yaro yana aji biyar, a ajiye.

Shirin kansa daga aji huɗu na sakandare yake farawa, ranar da aka raba yara zuwa ajin kimiyya da na fasaha da na kasuwanci. Jami'a na neman kiredit biyar, har da Turanci, da kuma Lissafi a yawancin kwasa-kwasai, a zama bai wuce biyu ba. A likitanci jami'o'i da yawa zama ɗaya suke so: Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistri da Bayoloji, duk a takarda ɗaya. Mai son injiniya dole Lissafi da Fiziks da Kemistri su kasance cikin darussansa na JAMB. Mai son shari'a ya bincika tun da wuri ko jami'ar da yake hari tana neman Adabin Turanci, domin yawancinsu suna nema, kuma ba kowace makaranta ke da mai koyar da shi ba. Duk waɗannan sharuɗɗa suna cikin kundin da JAMB ke wallafawa a shafinta, kwas bayan kwas, jami'a bayan jami'a. Na taɓa zama da wata yarinya mai hazaƙa da ta kawo maki mai kyau, tana son haɗa magunguna, sai na ga an sa mata Aikin Gona a gurbin Fiziks ranar rajista, don wani ya ce mata ya fi sauƙi. Makinta bai amfane ta da komai ba a wannan kwas, shekara ta tafi.

Yanzu ga inda muka fi zubar da yara, wato maganar suna da shekaru. Tun 2021 ba a rajistar JAMB sai da lambar NIN, kuma abin da ke kan NIN ɗin shi na'ura ke jawowa, harafi da harafi. Mu kuwa a nan yaro ɗaya yana iya zama Muhammadu a takardar firamare, Mohammed a WAEC, Mamman a bakin gida. Wani a sa sunan mahaifinsa a wannan takarda, sunan kakansa ko na ƙauyensu a waccan. Zamanmu a bakin iyaka ya ƙara mana wata: gida ɗaya, rabi a Illela rabi a Ƙonni ta Nijar, yaron da aka yi wa takardar haihuwa a can yana ɗauke da Aboubacar ko Mahamadou, da ya shigo makaranta a nan aka rubuta Abubakar ko Muhammad. A wurinmu mutum ɗaya ne. Kwamfuta kuwa mutum biyu take gani. Haka ranar haihuwa: an je yin NIN uba bai riƙe rana ba, mai rajista ya rubuta 1 ga Janairu, alhali makaranta ta riga ta aika wa WAEC wata ranar dabam. Gyara a hukumar NIMC yana cin kuɗi, yana cin lokaci, kuma ba ya yiwuwa a makon da ake rufe rajista. Shawarata ga iyaye ita ce a ware yini guda tun yaro yana aji biyar, a shimfiɗa takardar haihuwa da ta firamare da ta ƙaramar sakandare da katin NIN a kan tabarma, a karanta su ɗaya bayan ɗaya. Wanda bai iya karatun boko ba ya kira wanda ya iya, ko ya kawo mana makaranta, aikinmu ne. Kada kuma a ƙara wa yaro shekaru ko a rage. Ƙa'idar yanzu shekara 16 ce mafi ƙaranci na shiga jami'a, kuma ranar da aka rubuta ita za ta bi shi har hidimar ƙasa da neman aiki.

Layin waya ma haka. Da shi ake aika saƙo zuwa 55019 ko 66019 a karɓi lambar fara rajista, kuma daga nan ya ɗaure da sunan yaron. Ya zama layin Najeriya ne, na yaron ko na mahaifinsa, wanda ba zai ɓata ba. Mutanenmu da yawa suna yawo da layi biyu, na nan da na Nijar, wani ya bar na nan ya kwanta wata da watanni har kamfani ya rufe shi. Kada a yi amfani da layin mai shago ko na aboki. Rajistar kuma a cibiyar da JAMB ta amince da ita ake yi, yaron da kansa, domin za a ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa. In ta kama a hau mota zuwa Sakkwato, a hau. 'Yan mata su kiyayi lalle a yatsu kafin rajista da kafin jarrabawa. JAMB ta sha yin gargaɗi a kai, domin na'urar ba ta karanta yatsan da lalle ya rufe, wanda kuma ba ta karanta yatsansa ba ba ya shiga ɗakin jarrabawa. Biki zai sake zuwa. Kafin yaro ya tashi daga gaban mai rajista ya karanta abin da aka cika da idonsa: suna, jiha, ƙaramar hukuma, darussa huɗu, kwas, jami'a.

Zaɓen jami'a da kwas yana son gaskiya tsakanin uba da ɗa. Jami'o'in da ake rububinsu galibi ba sa duba wanda ya sa su zaɓi na biyu, saboda na farkon ma sun yi musu yawa. Idan sakamako ya fito maki bai kai ba, JAMB na ba da damar canza kwas ko jami'a, kuma gara a yi da wuri. A nan nake yawan samun saɓani da iyaye, domin kowa likita yake so. Ina girmama wannan buri, asibitocinmu suna bukata. Amma abin yana ba ni mamaki: garin da kowace Lahadi ake cika kasuwarsa da shanu da raƙuma da tumaki daga ƙasashe biyu, da wuya ka ji yaro ya ce likitan dabbobi yake son zama, alhali Danfodiyo na da tsangayar wannan fanni a nan kusa da mu. Akwai aikin jinya, akwai kimiyyar gwaje-gwajen asibiti, akwai aikin gona ga masu noman albasa da suka san asarar da ake yi wajen ajiya. Yaron da ya shekara uku yana maimaita JAMB don likitanci, sa'o'insa da suka karɓi wani kwas sun kusa gamawa.

Jarrabawar kanta tun 2015 a kwamfuta ake yin ta gaba ɗaya. Tambaya 180 ce cikin awa biyu, 60 na Turanci, 40 a kowane ɗaya daga sauran ukun. In ka raba, kowace tambaya daƙiƙa 40 take da ita. Yaron da ya taso daga Araba ko Kalmalo bai taɓa zama gaban kwamfuta ba, rabin hankalinsa a kan madannai zai ƙare, ga shi ya san amsar. Ya nemi inda zai taɓa kwamfuta ko da sau ɗaya a mako, ya yi rajistar jarrabawar gwaji da JAMB ke shiryawa, ya riƙa amsa tambayoyin shekarun baya da agogo a gabansa. Turanci kuwa shi ne inda yaranmu suka fi zubar da maki, kuma ba a haddace shi a wata guda. Sai an karanta wani abu kullum, an kuma karanta littafin labarin da hukumar ta sa a shekarar tun daga farko har ƙarshe, ba taƙaitawar da ake turawa a WhatsApp ba.

Bayan jarrabawa aiki bai ƙare ba, a nan ne ma da yawa ke sakin jiki, su koma gona ko kasuwa. Wanda ya yi rajista yana jiran sakamakon WAEC ko NECO ko NBAIS, da zarar ya fito ya koma cibiya a ɗora shi a shafin JAMB. In ba a ɗora ba, jami'a ba ta da ikon miƙa sunansa ko da ya fi kowa maki. Ya bi sanarwar jami'ar da ya zaɓa don tantancewa, wasu jarrabawa suke yi, wasu takardu kawai suke dubawa, kuma kowacce da wa'adinta. Tun 2017 duk wani gurbi ta manhajar CAPS yake fitowa, yaro ya shiga ya danna ya karɓa ko ya ƙi. Ya riƙa dubawa kowane mako. Duk wanda ya zo ya ce yana da hanya, a kawo kuɗi, a tambaye shi ko sunan zai fito a CAPS. Gurbin da bai bi ta nan ba JAMB ba ta san da shi ba, kuma wahalarsa sai an gama karatu an zo tafiya hidimar ƙasa take bayyana. Na ga uban da ya sayar da ragunan da yake kiwo don Babbar Sallah ya ba irin waɗannan mutane, ya dawo da takardar bogi.

'Yan uwanmu na Ƙonni da suka gama sakandare da takardar BAK suna son karatu a Najeriya, hanyarsu ita ce shiga kai tsaye ta JAMB, bayan Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya a Abuja ta tantance takardar. Su kuma ba Turanci lokacinsa kafin su nema. Namu da bai samu a bana ba, akwai IJMB da Jami'ar Ahmadu Bello ke kula da ita, akwai NCE, akwai difloma a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi, duk suna kai mutum aji biyu na jami'a in sakamako ya yi kyau. Wanda kuma ya samu gurbi kuɗin rajista ya tsaya masa, tun 2024 akwai asusun lamunin karatu na NELFUND ga ɗaliban makarantun gwamnati, ba ruwa a cikinsa. Shi ma da lambar JAMB da NIN da BVN ake nema, kuma dole sunan da ke kansu ya zama ɗaya.